Ɓarakar cusa umarni a kwantirolar rezonmu: maki 7.2 ya isa hujjar jinkirta sabuntawa?

Lawali ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan uwa ma'abota wannan zaure. Ni ne ke kula da rezon wata makaranta mai zaman kanta a nan Maradi, wadda ke da azuzuwa, da biro-biro na ma'aikata, da ɗakin kwamfutoci. Dukkan akwatunan Wi-Fi da suwic-suwic ɗinmu suna ƙarƙashin kwantirola guda ɗaya, wato na'urar da daga cikinta ake tsara komai, ake rarraba kalmomin sirri, ake kuma tura sabuwar manhaja zuwa sauran na'urori. A makon nan kamfanin da ya ƙera ta ya fitar da sanarwar tsaro cewa an gano ɓaraka fiye da ɗaya a shafinta na gudanarwa, daga nau'in da ake kira cusa umarni, kuma wanda ya yi amfani da ita zai iya aiwatar da duk umarnin da ya ga dama a kan tsarin da ke ƙarƙashin manhajar, da cikakken iko.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sharaɗin da sanarwar ta gindaya, cewa sai maharin ya riga ya shiga da sunan mai gudanarwa da kalmar sirrinsa kafin ya iya cin gajiyar ɓarakar, kuma makin haɗarin da aka ba ta 7.2 ne cikin 10. Da na kai wa daraktanmu maganar, sai ya yi mini tambayar da har yanzu ban sami gamsasshiyar amsarta ba: in mutum ya riga ya mallaki kalmar sirrin mai gudanarwa, ai komai yana hannunsa, to mene ne kuma ɓarakar za ta ƙara masa? A kan haka ya ce a bar sabuntawar sai lokacin hutu, domin ba ya son rezo ya yanke ana tsakiyar karatu.

Akwai kuma wata matsala ta dabam. Ba sabuwa muka sayi na'urar ba, ta hannun wani ɗan kasuwa aka kawo mana ita, ba mu da kwangilar tallafi da kamfanin, shafin da ake sauke manhajar da aka gyara kuma yana neman asusun da ba mu da shi. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni su bayyana mini yadda cusa umarnin yake faruwa a zahiri, su faɗa mini ko hujjar darakta tana da ƙarfi, sannan su nuna mini abin da ya kamata in yi daga yau zuwa ranar da za mu sami facin, wato gyaran manhajar da ke toshe ɓarakar. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sanusi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena Lawali. Tambayar daraktanku tambaya ce ta mai hankali, ta kuma cancanci amsa cikakkiya, amma bari in fara da yadda abin yake faruwa, domin daga nan amsar za ta fito.

Mafi yawan waɗannan kwantiroloci, duk da kyan shafin da kake gani, Linux ne ko wani danginsa ke aiki a ƙarƙashinsu. Idan ka shiga shafin gwaji ka rubuta adireshin wata na'ura domin a duba ko tana amsawa, sau da yawa manhajar ba ta yin gwajin da kanta. Takan ɗauki abin da ka rubuta, ta liƙa shi a bayan kalmar ping, ta miƙa jimlar gaba ɗaya ga shel, wato ɓangaren tsarin da ke karanta umarni yana aiwatarwa. Shi kuwa shel yana da alamomin da yake ba ma'ana ta musamman. Waƙafi mai ruwa (;) a wurinsa yana nufin umarni na farko ya ƙare, ga na biyu nan. Tsayayyen layi yana tura sakamakon wannan umarni ga wancan. Alamar dala da baka biyu kuma tana sa a fara aiwatar da abin da ke cikin bakan. Saboda haka idan wani ya rubuta 10.0.0.1; id a gurbin adireshi, manhajar kuwa ba ta tace rubutun ba, na'urar za ta yi gwajin, sannan ta aiwatar da umarni na biyu, ta gaya masa da wane asusu take gudana. A na'urori da yawa amsar ita ce root, asusun da babu abin da aka hana shi taɓawa.

Ka ɗauka mai gida ya rubuta wa mai sito takarda cewa a ba yaron nan buhu ɗaya na, sai ya bar gurbi domin yaron ya cike sunan hatsin, yaron kuwa ya rubuta gero, ya ƙara da cewa a ba shi makullin sito. Mai sito ba ya bambanta rubutun mai gida da na yaro, don haka zai ba da gero, ya ba da makulli. Asalin cutar ke nan: an haɗa bayani da umarni a layi ɗaya, an ba wanda ba ya rarrabe su.

Wannan ba sabon kuskure ba ne. Yana da lambarsa a kundin raunin manhajoji, CWE-78, kuma a watan Yulin 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tare da FBI, sun fitar da gargaɗi na musamman ga masu ƙera manhaja a kan wannan nau'i kaɗai, suka kafa hujja da ɓaraka uku da aka yi amfani da su a wannan shekara a na'urorin Cisco da Palo Alto da Ivanti. Hujjarsu ita ce an daɗe da sanin yadda ake kauce masa, don haka babu uzurin ci gaba da sayar da na'urori masu ɗauke da shi.

Yanzu ga maganar darakta. Da farko, mai gudanarwa da root ba abu ɗaya ba ne. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori da gangan suke killace mai gudanarwa a cikin umarnin da suka tanada masa, kuma abin da ya yi yana shiga rajistar ayyuka, ta yadda idan ya sauya wani tsari za ka gani ka mayar. Wanda ya tsallake zuwa root ya fita daga wannan shingen: zai iya dasa tasa manhajar, ya goge sawunsa, ya saurari bayanan da ke ratsa na'urar, ya kwashe sirrikan da ke ajiye a cikinta. Ɓarakar da aka yi wa rajista da lamba CVE-2024-20399 ta suwic-suwic ɗin Cisco Nexus maki 6.0 kawai aka ba ta, saboda tana buƙatar asusun mai gudanarwa, amma kamfanin Sygnia ya gano gungun maharan da ake kira Velvet Ant suna amfani da ita wajen dasa muguwar manhaja, kuma abin da ya sa ta yi musu amfani shi ne umarninsu ba ya fitowa a rajista.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka fi tsayawa, sau da yawa mahara ba sa amfani da ɓaraka ɗaya ita kaɗai, haɗa su suke yi. A ranar 16 ga Oktoban 2023 Cisco ya sanar da CVE-2023-20198 a shafin gudanarwa na IOS XE, manhajar da ke gudana har a kan kwantirolocin Wi-Fi na Catalyst 9800. Ita wannan maki 10 ce, tana ba baƙo damar ƙirƙirar wa kansa asusu mai cikakken matsayi ba tare da kalmar sirri ba. Bayan ƴan kwanaki aka gane cewa akwai ta biyu, CVE-2023-20273, ta cusa umarni, wadda da ita maharan suke hawa zuwa root su dasa abin da suke so. Makin wannan ta biyun 7.2 ne, daidai da taku, kuma na'urorin da aka samu an kutsa sun haura 40,000 a faɗin duniya. Haka aka yi da Ivanti a Janairun 2024: ɓaraka ɗaya ta tsallake tantancewa, ɗaya ta cusa umarni.

Shi makin ma ka fahimci daga inda ya fito. A ma'aunin CVSS na 3.1, wanda da shi ake ba ɓaraka makin haɗari, ɓarakar da ake kai wa ta rezo, mai sauƙin amfani, mai lalata sirri da sahihanci da samuwar na'ura gaba ɗaya, takan sami 9.8 idan ba ta buƙatar asusu, ta sauko 7.2 idan tana buƙatar babban asusu. Ɓarnar ɗaya ce, kalmar sirri kawai ce tsakaninsu. To ka tambayi kanka mutum nawa suka san taku, yaushe rabon da a canza ta, kuma ko ana amfani da ita a wani wuri. A ganina jiran hutu ba daidai ba ne, sai dai idan hutun a makon gobe yake.

Isufu ya amsa:

Injiniya, ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar ta fuskar ilimi, amma ina da ja a kan gaggawar, kuma ina magana ne a matsayin wanda ke hawa tsani yana ɗaura waɗannan akwatuna a otal-otal da makarantu tsakanin Maradi da Tasawa.

Misalan da ka kawo na manyan kamfanoni ne da hukumomin gwamnati, waɗanda ke da adireshin intanet na kansu da abin da ɓarayi ke nema. Yawancin abokan cinikinmu a nan suna bayan adireshin da kamfanin sadarwa ya haɗa mutane da yawa a kai, ta yadda ko mai na'urar ma ba ya iya shiga daga waje, balle wani da ke wata nahiya. Ko masu Starlink, da aka fara samu a Nijar a 2025, a tsarin da aka saba ba su haka abin yake. Wane ne zai bar bankunan Turai ya zo neman kwantirolar makaranta a Maradi?

A ɗaya gefen kuma, haɗarin sabuntawa ni na gan shi da idona. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar rubuta sabuwar manhaja, na'ura ta ƙi tashi, kuma babu inda za ka sami madadinta nan kusa sai an aika Kano ko Yamai. Wani lokaci sabuwar manhajar takan daina karɓar tsofaffin akwatunan Wi-Fi, a wayi gari rabin gini babu rezo, mai wurin kuma kai zai riƙe, ba kamfanin da ke Amurka ba. Fayil ɗin kansa babba ne, saukar da shi a kan layin da muke da shi aiki ne. Shi ya sa nake ganin daraktan Lawali bai yi kuskure ba da ya ce a jira hutu. Ya canza kalmar sirri yanzu, ya bar abin da ke aiki ya ci gaba da aiki.

Malama Habsatu ta amsa:

Malam Isufu, abin da ka faɗa game da wuta da tsofaffin akwatuna gaskiya ne, duk wanda ya yi aikin nan a ƙasarmu ya san shi, kuma bai kamata a raina shi ba. Inda na saɓa da kai shi ne tambayar wane ne zai neme mu, domin ta ginu a kan zaton cewa mutum ne ke zaune yana zaɓen waɗanda zai kai wa hari. Adiresoshin IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna da manhajarsu ZMap cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi tana iya ƙwanƙwasa su duka cikin ƙasa da awa ɗaya. Shafuka irin su Shodan da Censys suna ajiye jerin abin da aka samu a buɗe. Idan an wallafa hanyar amfani da wata ɓaraka, manhaja ce ke bin wannan jeri tana gwadawa, ba ta san Maradi ba, ba ta san Paris ba.

Kuma ba lallai ne bayananka ake nema ba, na'urarka da layinka ma dukiya ne. A 2023 an yi amfani da CVE-2023-25717 ta shafin gudanarwa na Ruckus wajen shigar da na'urorin Wi-Fi cikin rundunar AndoryuBot, wadda ake haya domin a durƙusar da shafukan wasu ta hanyar yi musu ambaliyar saƙonni. A Janairun 2025 aka bayyana CVE-2024-50603 a kwantirolar Aviatrix, wadda kamfanoni ke sarrafa rezonsu na gajimare da ita, ba a daɗe ba aka ga ana dasa XMRig, manhajar haƙar kuɗin kirifto, tare da ƙofar baya. A wurinmu da ake sayen intanet da tsada, makaranta za ta biya kuɗin layin da wani ke sha, malamai suna kukan rezo ya yi nauyi, ba wanda ya san dalili.

Maganar adireshin haɗaka kuma kariya ce daga waje kawai, ita ma sai idan ba a buɗe wata hanya ta shiga daga nesa ba. Lawali makaranta yake kula da ita. Ɗalibai da baƙi suna hawa Wi-Fi ɗinsa kullum da wayoyi da kwamfutocin da shi bai san abin da ke cikinsu ba, su kuwa a ciki suke, ba a waje ba. Dubi abin da ya faru da Aruba. A farkon 2023 kamfanin ya gyara ɓarakar cusa umarni guda huɗu, daga CVE-2023-22747 zuwa CVE-2023-22750, masu maki 9.8, a kwantirolocinsa, sannan a Satumban 2024 ya gyara wasu uku irinsu a akwatunan Wi-Fi. Ba ta shafin gudanarwa ake shiga ba, ta PAPI ne, wato yaren da kwantirola da akwatunanta ke magana da juna a ƙofar UDP mai lamba 8211, kuma ba a buƙatar kalmar sirri. Duk wanda saƙonsa zai iya isa wannan ƙofa daga cikin gini ya isa. Waɗanda ke amfani da TP-Link Omada, da yake suna da yawa a garin nan saboda sauƙin kuɗinsu, su ma su duba sanarwar Oktoban 2025 kan CVE-2025-6542 da ta shafi na'urorinsa na mashigar intanet.

Tunda ni rubuta manhaja ce sana'ata, bari in ƙara wani abu domin matasanmu da ke koyo, musamman masu haɗa ƙananan shafukan sayar da tikitin Wi-Fi da PHP, domin ina yawan ganin kuskuren nan a ayyukansu. Matsalar Aviatrix ta samo asali ne daga wasu gurabe da aka miƙa wa umarnin tsarin ba tare da an tsabtace su ba, alhali an tsabtace wasu. Wannan ya nuna raunin dogaro da tacewa: sai ka tuna a kowane gurbi, shi kuwa mahari gurbi ɗaya da ka manta yake nema. Hanyar da ta fi inganci ita ce kada a kira shel kwata-kwata. A yi amfani da aikin da harshen shirin ya tanada, in kuwa dole ne a kira wata manhaja ta waje, a miƙa mata sunanta dabam, bayanan dabam a jere, yadda waƙafi mai ruwa zai zama harafi kawai. A Python ke nan a ba subprocess jeri, a bar zaɓin shel a kashe. Bayan haka a tantance abin da aka shigar da ma'aunin abin da aka yarda da shi, wato in adireshi ake jira a ƙi duk abin da ba adireshi ba, maimakon a tsaya lissafa miyagun alamomi. Sannan kada shafin ya gudana da ikon root.

Lawali, ina kuma jan hankalinka da kada ka sauko da shirin gwada ɓarakar daga intanet ka jarraba, ko a na'urarku ko a ta wani. Wasu daga cikin irin waɗannan shirye-shirye su kansu tarko ne, kuma shiga tsarin wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Nijar mai lamba 2019-33. Lambar sigar manhajarka ta isa ta gaya maka ko abin ya shafe ka.

Lawali ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya, Malam Isufu da Malama Habsatu, Allah ya ƙara basira. Bayan na karanta amsoshinku na ɗauki wayata na hau Wi-Fi na ɗalibai, na rubuta adireshin kwantirolar, sai ga shafin shiga ya buɗe. Na kuma duba na'urar da ke haɗa mu da intanet, na tarar muna da adireshi namu na kanmu, kuma tun lokacin da aka girka rezon an buɗe hanya daga waje zuwa shafin gudanarwa domin mai girkawar ya riƙa taimaka mana daga nesa. Kalmar sirrin ita ce dai wadda aka sa tun ranar farko.

Na rufe hanyar waje, na canza kalmar sirri, na kuma nuna wa darakta misalin Cisco, ya amince a yi aikin a ƙarshen mako. Saura tambayoyi biyu. Ta yaya zan san ko an riga an shiga kafin in rufe? Sannan wani abokin aiki ya ce yana da sabuwar manhajar a filas, ya samo ta a wani zauren Telegram. Ko zan iya amfani da ita?

Injiniya Sanusi ya sake amsawa:

Madalla, ƙanena, ka yi abin da ya fi gaggawa. Abin da ya rage kafin faci shi ne ka raba rezon gudanarwa da na jama'a. Ka sa kwantirola da suwic-suwic da akwatunan Wi-Fi a VLAN nasu na dabam, wato keɓaɓɓen sashe na rezon, ka rubuta doka a katangar tsaro cewa kwamfutarka da ta mataimakinka kaɗai ke isa shafin gudanarwa da SSH, wato ƙofar shiga na'urar a rubuta mata umarni, sannan ka sake gwadawa da wayarka daga Wi-Fi na ɗalibai har sai shafin ya ƙi buɗewa. Duk wata hidima da ba ku amfani da ita, irin su Telnet da HTTP marar rufi, ka kashe ta. Idan wata rana ana buƙatar taimako daga nesa, a yi ta VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga rezo daga waje, kowane mutum da asusunsa, a kuma ƙara tantancewa ta biyu in na'urar tana karɓa. Ka sake karanta sanarwar kamfanin, domin galibi akwai sashen matakan wucin gadi a ƙasa. A lamarin Aruba, alal misali, an shawarci mutane su kunna ƙarin tsaron PAPI da makullin da ba na asali ba.

Game da ko an shiga, ka fara da jerin asusun da ke kan na'urar, kada kuma suna mai kama da na hukuma ya ruɗe ka, domin a harin 2023 maharan sun ƙirƙiri asusu masu sunaye irin su cisco_tac_admin da cisco_support. Ka duba rajista ko akwai shiga daga adiresoshin da ba ka sani ba ko a tsakar dare, ka kwatanta tsarin yanzu da tsohon kwafinsa in kana da shi, ka lura da sauyin sabar DNS, da sabbin ramukan VPN, da makullan SSH da ba kai ka sa ba. Ka kuma duba daga katangar tsaro ko kwantirolar tana kiran wasu adiresoshi na waje da ba na kamfaninta ba. Sai dai ka sani cewa rajista mai tsabta ba shaida ba ce, tunda mai ikon root yana iya gyara ta, shi ya sa daga yanzu ya kamata ka riƙa tura rajistar zuwa wata kwamfuta dabam. Faci kuma yana toshe ƙofa ne, ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. Da yake shafinku ya daɗe a buɗe ga duniya da tsohuwar kalmar sirri, da ni ne da na mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, na sa sabuwar manhaja, na sake gina tsarin ina duba shi layi-layi, sannan na canza duk sirrin da ta taɓa riƙewa: kalmomin Wi-Fi, sirrin RADIUS, na SNMP, da asusun da take shiga kundin ma'aikata da shi. Idan ka ga alamar an taɓa bayanan ɗalibai ko na ma'aikata, ka sanar da darakta a rubuce, domin maganar ta shiga hurumin hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP.

Fayil ɗin Telegram kuwa, kada ka sa shi hakanan. Manhajar kwantirola ita ce ke da iko a kan komai, wanda ya gurɓata ta ya huta da neman ɓaraka. Ka fara rubuta wa sashen tallafi na kamfanin, ka ba su lambar na'urar da adireshin sanarwar. Cisco, misali, yana rubutawa a sanarwoyinsa cewa wanda ba shi da kwangila, ya kuma kasa samun gyaran ta wurin wanda ya sayar masa, ya tuntuɓi sashensa na tallafi, TAC, da waɗannan abubuwa biyu. Ko da naku ba Cisco ba ne, tambaya ba ta cin kuɗi. In hakan bai yiwu ba, ka lissafa hatimin fayil ɗin, wato jerin haruffan da ke sauyawa in an taɓa fayil, SHA-256 ko SHA-512, ka kwatanta shi da wanda kamfanin ya wallafa a shafinsa na ainihi, ba wanda aka turo tare da fayil ɗin ba. Harafi ɗaya ya saɓa, ka bar shi.

Damuwar Malam Isufu a nan ne take da muhalli, kuma da shiri ake magance ta. Ka karanta takardar da ke tare da sabuwar sigar, ka tabbatar kowane samfurin akwatin da kuke da shi yana cikin waɗanda take karɓa, ka kuma duba ko sai an bi ta wata siga ta tsakiya kafin a kai gare ta. Ka sauke fayil ɗin tun kafin ranar. Ka ajiye kwafin tsari a waje da na'urar, ka riƙe tsohuwar manhaja a ɓangaren ajiya na biyu domin komawa in abu ya ƙi, ka tanadi wayar kwansol, wadda ke haɗa kwamfuta da na'urar kai tsaye, a kusa. Kwantirolar da suwic ɗin da ke ba akwatuna wuta su kasance a kan batiri mai cikakken caji, injin wuta kuma a shirye da mai, domin bayan kwantirola ta tashi akwatunan su ma za su ɗauki lokaci suna karɓar tasu manhajar, kuma a nan ne yankewar wuta ta fi ɓarna. Ka fara da safiyar Asabar, yadda Lahadi za ta rage maka in an sami tangarɗa. In ka nemi Malam Isufu ya tsaya tare da kai a ranar, ina ganin zai yi amfani, tunda ya san halin tsofaffin akwatunan nan.

Idan kuwa ka duba ka tarar samfurinku ya wuce wa'adin da kamfanin ke yi masa gyara, to babu facin da zai zo, kuma raba rezon da na ambata shi ne kariyarku har a sami kuɗin sauya na'urar. Ka rubuta wa darakta wannan tun yanzu domin ya shiga kasafin shekarar karatu mai zuwa, kuma a wurin sayen sabuwar a tambayi mai sayarwa ranar ƙarshen tallafinta da sunan wanda za a yi wa rajistar asusun sauke manhaja. Ka turo mana samfurin da lambar sigar da kuke kai, ba tare da adireshinku ba, mu duba maka hanyar sabuntawar kafin Asabar.